Ƙafar Hagu ta Sajan Dominic

Akwai wani tsohon soja a garin Zuru da ake kira Sajan Dominic. Abin da zan ba ku labari ya faru ne a shekarun nan da wayar salula ta fara shiga hannun mutane, lokacin da mai waya yake rataya ta a ƙugu don kowa ya gani.

Direba ne tun yana soja. Gingimarin sojoji ya ja har furfura ta fito masa. Da ya yi ritaya sai ya sayi Fijo doguwa, yana jigilar fasinja daga Zuru zuwa Ribah, ranar kasuwa har Wasagu.

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri, kada a ce na ci zarafin dattijo: mutumin nan ya iya mota. In ya canza giya ba ka ji, sai dai ka ga hannunsa ya motsa. Mata masu kai ƙwai kasuwa motarsa suke jira, ko da za ta daɗe ba ta cika ba. Tun da ya kama sitiyari, ko kaza bai taɓa takawa ba.

Matsalar ita ce ya san ya iya, kuma bakinsa ba ya gajiya da faɗa.

A motarsa ba a ɗaura bel. Idan baƙo ya shiga gaba ya jawo bel, sai Sajan ya kashe mota ya juyo ya ƙare masa kallo.

"Malam, ka san ka zage ni? Kana nufin zan kayar da kai ke nan. Sauka ka nemi wata."

'Yan tasha su yi ta dariya, shi kuwa kai ya ƙara kumbura.

'Ya'yansa maza duk sun bi sawunsa sun shiga soja. Mace ɗaya Allah ya ba shi, Saloma, ita ce kuma auta. Yarinya ce mai wushirya, mai dariya da dukan bakinta. In tana dariya a madafa, mai wucewa a titi ya san tana gida. Sajan ba ya jin maganar kowa a duniya, amma in Saloma ta ce "Baba", nan da nan yake saukowa.

Da aka gama girbi aka sa ranar aurenta da Haggai, wani malamin makaranta mai sanyin hali. Tun tsakiyar mako dangi suka fara sauka, gida ya cika da buhunan shinkafa da kukan awaki.

Ran Alhamis sai ga Theresa daga Abuja. Ɗiyar yayan Sajan ce, marigayi, tana aiki a can. Kuma jama'a, ba ita aka fito kallo ba, motarta aka fito kallo.

Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta a ƙasa har kana tsoron kada dutse ya goge mata ciki. In an taka ta sai ta yi wani gurnani da kake ji a ƙirjinka. Yaran unguwa suka biyo ta a guje, tsofaffi suka fito suna riƙe baki.

Saloma ta zagaya motar tana tsalle. "Yaya Theresa, don Allah a cikin wannan za a kai ni coci!"

"Don me kike tsammani na kawo ta?" in ji Theresa. "Ni da kaina zan kai ki."

Sajan yana zaune a kan benci, sai ya yi gyaran murya.

"Ina raye, ina da ƙafafuna, wata ce za ta kai ɗiyata coci? Ba ni makulli."

Saloma ta yi ihun murna ta rungume shi. "Baba, ni dama abin da nake so ke nan. Kai ka kai ni makaranta ranar farko, kai za ka kai ni wurin mijina."

Theresa ta matso kusa da shi. Ta durƙusa gefen bencin, ta sassauta murya don kada baƙi su ji.

"Baba, ba komai, kai za ka ja. Sai dai otomatik ce, ba ta da kuloci, da kanta take canza giya. Gobe da yamma mu je filin makaranta ka zagaya da ita ko sau biyu, jikinka ya saba."

"Filin makaranta?" Sajan ya ɗaga murya, yana so kowa ya ji. "Inda ake koya wa yara? Ke Theresa, ranar da aka haife ki ni na ɗauko ku ke da uwarki daga asibiti, kina cikin tsumma. Yau ke za ki koya mini mota?"

"Ba koyarwa ba ce, Baba. Abu ɗaya ne kawai. Ƙafarka ta hagu, ka naɗe ta ka manta da ita. Birkin motar nan faɗi gare shi, ya kai har inda ka saba samun kuloci. Kuma ba irin na Fijo ba ne da sai ka yi ta famfo. Kana taɓawa yake kamawa."

Sajan ya kwashe da dariya har yana buga cinya.

"Ku ji fa! Motar da ba ta da kuloci ai motar ragwaye ce. An yi ta don mata da masu ciwon gwiwa. Ni da na hau duwatsu da gingimari cike da sojoji, wannan abin wasan yaran ne zai gagare ni?"

Matarsa Monica tana tsintar shinkafa a gefe. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baban Saloma, zagaye ɗaya me zai rage maka?"

"Zai rage mini da yawa. Mode da 'yan tasha su hango ni mace tana nuna mini inda zan sa ƙafa? In shiga ina da kunya?"

Mode abokinsa ne, direban bas a tashar, sun daɗe suna gardamar wanda ya fi wani iya tuƙi. To, saboda kada Mode ya yi masa dariya, Sajan ya ƙi zuwa filin makaranta. Ku riƙe wannan.

Asabar ta zo. Saloma ta fito cikin farar riga mai dogon baya, da furanni a hannu, matan Zumuntar coci suna ta guɗa da waƙa. Aka taimaka mata ta shiga motar, aka tattara rigar aka cusa. Sajan ya sha kwat da hula, ya liƙa lambobinsa na soja a ƙirji.

Theresa ta sunkuya ta jawo bel za ta ɗaura wa amarya. Sajan ya zuba mata ido. Saloma ta ga kallon, ta san halin ubanta, kuma ba ta so a ɓata masa rai gaban jama'a.

"Yaya, bar shi," ta ce da murmushi. "Zai yamutsa mini riga. Ai Baba ne."

Theresa ta saki bel ɗin a hankali. Ta nuna wa Sajan inda zai ja giya ya ajiye, ta ce, "Baba, ƙafar hagu."

"Na ji, na ji. Matsa."

Kuma gaskiya da farko ya ji ɗin. Ya naɗe ƙafar ya kai ta can ƙarƙashin kujera. Ya saki birki, mota ta fara tafiya da kanta, sumul. Bas ɗin matan Zumunta yana biye, 'yan kabu-kabu suna ta hon a gefe da gefe.

Da suka hau kwalta ya ɗan taɓa totur, don ya ji abin da take da shi.

Kai! Motar ta yi wani tsalle har ƙeyarsa ta bugi kujera. Sajan ya zaro ido. Duk rayuwarsa motocin da ya ja sai ya lallashe su suke tashi, wannan kuwa tun bai gama tambaya ba ta ba shi amsa. Ya sake takawa. Bishiyoyi suka fara wucewa da gudu, bas ya zama ɗan ƙarami a madubi, can ya ɓace.

"Tirƙashi!" ya ce. "Saloma, kin ji abin da nake ji?"

Saloma tana ta dariya, ta riƙe mayafinta. "Baba, a hankali dai! Kada mu riga fasto zuwa."

Ya sha kwana ɗaya, motar ta manne da titi ko girgiza ba ta yi ba. Ya sha ta biyu da gudun da ya fi na farko. Dattijo ya koma yaro. Hannunsa na dama sai kai wa giya cafka yake yi, ya tuna, ya janye. Wannan kaɗai ya isa ya gaya masa cewa jikinsa bai yarda da abin da kunnensa ya ji ba. Amma daɗi ya rufe masa ido.

Suka iso mararraba. Hanyar coci hagu take. Sajan ya karya dama.

"Baba, ba nan ba ce hanya."

"Na sani. Bari abokaina su ga amarya."

Amarya, ko mota? Ku dai kun san amsa.

Gaban tasha titin miƙaƙƙe ne. Tun daga nesa ya danna hon. Direbobi suka miƙe daga kan benci, masu shayi suka leƙo, Mode ya fito tsakiyar rana ya ɗaga hannu biyu yana ihu, "Sajan! Sajan! Kai na gaske ne!"

Jin haka, Sajan ya nitsa totur har ƙasa.

Injin ya ɗauki kuka, yana hawa, yana hawa. Kunnen da ya shekara talatin da wani abu yana sauraron inji ya ce masa lokacin canza giya ya yi. Bai yi tunani ba. Ba shi ya aiki ƙafar ba ma. Ita da kanta ta warware daga ƙarƙashin kujera, ta miƙe, ta nemi kuloci inda ta saba samunsa, ta taka da dukan ƙarfinta har ƙasa, yadda ake taka kulocin gingimari.

Birki ta taka.

Tayoyi suka yi wata ƙara mai tsaga kunne. Motar ta kafe. Sajan yana riƙe da sitiyari, ƙirjinsa ya bugu amma hannayensa suka tare shi. Saloma ba ta riƙe da komai sai furanni. Ta tashi daga kujera gaba ɗaya, fuskarta ta daki gaban motar, ƙum!

Hannun Mode yana sama har yanzu, ya manta bai sauke ba.

Sajan ya dubi titi. Babu akuya, babu yaro, babu rami, babu komai a gabansa. Ya dubi ƙasa, ya ga ƙafarsa ta hagu a kan birki, ya tsaya yana kallonta kamar ta wani ce. Sannan ya juya.

Saloma ta ɗago kai a hankali. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta kai hannu baki, ta duba tafin. Jini yana zuba ta tsakanin yatsunta, yana sauka kan farar rigar, yana bazuwa.

"Baba," ta ce. Kalmar ma ba ta fito daidai ba.

"Wayyo Yesu! Wayyo ɗiyata!"

Mode ne ya fara isowa. "Innalillahi! Mi ya faru? Sajan, mi ka taka?" Ya fizge ƙofar ya kama Saloma zai fito da ita. Sajan ya ɗage ƙafa don ya sauka ya zagayo.

Sai motar ta ci gaba da tafiya.

Duk motar da ya sani a duniya, in aka yi mata irin wannan birki mutuwa take yi. Wannan tana nan a kunne, tana cikin giya, ana sakin birki ta fara jan jiki. Rabin Saloma yana waje a hannun Mode, rabi yana ciki, doguwar rigar ta maƙale, mota tana jan su su biyu a kan kwalta. Mata suka sa kururuwa.

"Tsai da ta! Sajan, tsai da ta!"

Jama'a, mutumin da yake korar fasinja saboda bel, ya dubi ƙafafunsa biyu ya rasa wadda zai taka da ita, ya rasa abin da zai taka. Tsoron birkin yake ji. Ya kama giya, bai san inda zai kai ta ba. Sai da wani direba ya zuro hannu ta taga ya murɗe makulli, wasu suka tare motar da ƙirji, sannan ta tsaya.

Aka sa Saloma a bas ɗin Mode, aka nufi asibiti. Sajan ya tsaya a tsakiyar titi, hularsa a ƙasa. Wani ɗan kamasho ya zagaya motar, ya dawo yana so ya kwantar masa da hankali.

"Sajan, ka gode Allah. Motar ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Da mari ya kwaɗa masa da ya fi sauƙi. Sajan ya leƙa cikin motar, ya ga furanni a warwatse, a tsakiyarsu kuma haƙora biyu farare. Nan ya zauna daɓas a kan kwalta.

A asibiti ya kasa shiga. Ya zauna a ƙasa gindin bishiyar dogon yaro, da kwat ɗinsa da lambobinsa. Can a coci mutane sun cika maƙil, ango yana tsaye a gaba yana duban ƙofa, sai ɗan kabu-kabu ne ya shiga da labari. Ba a jima ba suka fara isowa.

Monica ta wuce ta gabansa da gudu, ɗankwalinta a hannu. Ko kallonsa ba ta yi ba. Haggai ya wuce, fuskarsa duk hawaye. Sai Theresa.

Da ya hango ta, Sajan ya sunkuyar da kai ya shirya. Yana jira ta ce ai ta faɗa masa. Yana so ma ta faɗa, ta ɗaga murya kowa ya ji, ko zai sami sauƙi.

Theresa ta durƙusa a gabansa, ta taɓa ƙirjinsa.

"Baba, kai fa? Sitiyarin bai ji maka ciwo ba? Tashi a duba ka."

Wannan ce ta karya shi. Tsohon soja ya fashe da kuka gaban mata da yara, kuka mai sauti, ba ya ko ɓoye fuska.

Likita ya ce a gode wa Allah, wuya bai taɓu ba, ido ma lafiya. Amma leɓen sama ya tsage sai da aka ɗinke, haƙoran gaba biyu kuma sun tafi. Aure dai ba ranar ba. Shinkafar da aka kwana biyu ana shirinta aka rarraba wa maƙwabta, baƙin Ribah da na Wasagu suka hau motocinsu suka koma, kowa yana tafe yana jinjina kai.

Da yamma Saloma ta aika a kira shi. Ya shiga yana jan ƙafa. Fuskarta ta kumbura har da kyar ya gane ta. Monica tana gefe, Haggai yana riƙe da hannunta.

Ta yi magana a hankali, kalmomin suna fita da iska. "Baba, kada ka damu. Laifina ne. Ni na ce kada a ɗaura mini bel."

Sajan ya girgiza kai. Ya san dalilin da ya sa ta ƙi, kuma ya san ta san ya sani.

"A'a, Saloma. Kada ki ɗaukar mini wannan." Ya juya ya dubi duk waɗanda ke ɗakin. "An gaya mini. Theresa ta durƙusa ta gaya mini, uwarki ma ta gaya mini. Da kunnena na ji. Kunyar Mode na ji, ban ji tsoron abin da zai sami ɗiyata ba. Kuma hanyar coci ba ta bi ta tasha ba."



Bayan bakin ya warke aka ɗaura auren. Theresa ce ta kai amarya coci. Sajan ya shiga bas ya zauna a baya tsakiyar matan Zumunta, kuma ba wanda ya sa shi. Daga baya Haggai ya kai matarsa Sakkwato aka sa mata haƙoran roba. Sun zauna daidai, sai dai babu wushirya, tabon leɓen kuma bai ɓace ba.

Saloma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Tana zuwa gida, tana dafa wa ubanta tuwon dawa yadda yake so, tana tsokanarsa. Abu ɗaya ne ya canza. Duk lokacin da dariya ta zo mata, sai ta yi sauri ta kai hannu ta rufe baki. Ita ba ta ma san tana yi ba. Shi kuwa duk sanda ya gani, sai ya tsame hannu daga abincin.

Shekaru suka ɗan ja. Saloma ta haifi ɗiya, aka sa mata suna Goodness. Wata rana da hantsi aka kawo ta gidan kakanni, ta fara surutu ke nan. Sajan ya ɗora ta a gwiwa yana yi mata kukan jaki, yana kaɗa kunnuwa da hannu. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya.

Sai ta ɗaga ɗan hannunta ta rufe baki.

Sajan ya tsaya cak. Ya janye hannun yarinyar daga bakinta a hankali. Haƙoranta ƙanana, farare, ba abin da ya same su.

"Amaryata, me ya sa kike rufe baki?"

Yarinyar ta dube shi da mamaki, wai shi babba bai san wannan ba.

"Kaka, ai haka ake dariya. Haka Mama take yi."

Sajan ya sauke ta, ya miƙa wa Monica. Ya ce zai je ya duba awaki a bayan gida. Har rana ta take bai dawo ba, kuma Monica ta hana kowa ya je kiransa.

Darasi: Komai daɗewarka a kan sana'a, ranar da aka miƙo maka sabon abu kai ɗan koyo ne, kuma wanda ya san shi malaminka ne ko da kai ka yi goyonsa. Kada kunyar abokai ta hana ka tambaya, domin sau da yawa ba mai girman kan ne yake jin ciwon ba, wanda ya yarda da shi ya zauna a gefensa ne. Ku tura wa direbobinku da iyayenku da duk wanda kuka san ba a isa a gaya masa ba, wataƙila ya saurara tun kafin ya kunna mota.